Daga Kan Tsauni Zuwa Bakin Randa

   Wadda ke kan aiki ta ci gaba da aikinta, kunne kawai nake neman aro. Wadda ta gama kuma ta jawo tabarma ta matso kusa.

Yau zancen ruwan sha za mu yi, amma ta doguwar hanya zan bi da ku. Sai mun hau tsauni mun sauko kafin mu iso bakin randarki. Na san wata za ta ce, to ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da tsauni? Ki dai yi haƙuri ki biyo ni, kafin mu rabu za ki ga inda hanyar ta ɓulle.

Akwai wasu mutane a duniya da wasansu shi ne gudu a kan duwatsu. Ba irin gudun da yara ke yi a filin makaranta ba, a'a, gudun ya-da-ƙanin-wani ne a kan 'yar siririyar hanya, a hau tudu a gangara kwari, tun safe har dare. Maƙwabtanmu na Kamaru sun san wannan. Tun 1973 ake yin tseren hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea, dutsen da tsawonsa ya haura mita 4,000, a hau a sauko a yini guda. Kuma kada ki ce na maza ne kawai. Wata mata mai suna Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, sau bakwai tana cinye tseren a ɓangaren mata, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse.

A Turai akwai wanda ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Tun 2003 ake yin tseren zagaye dutsen Mont Blanc. Ana tashi daga garin Chamonix a Faransa, a ratsa Italiya, a ratsa Suwizalan, a dawo inda aka fara, kimanin kilomita 170. Kamar a ce daga Kano zuwa Katsina ke nan, da ƙafa, kuma a kan duwatsu. Gwanayen cikinsu kan gama a wajen awa 20, na baya kuwa sai sun kusa kwana biyu a hanya.

To, tambayar da ta kawo mu ita ce, ina waɗannan mutane suke samun ruwan sha? Ranar gasa akan kafa musu rumfuna jefi-jefi, amma tsakanin wata rumfa da wata sai a yi awanni. Watannin da suke yi suna atisaye su kaɗai a dawa kuwa, babu rumfa babu mai ruwa. Ke kin san nauyin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce cif. Mai gudu yakan sha wajen rabin lita a kowace awa, in da zafi ma ya wuce haka. Wanda zai yi awa goma yana bukatar lita biyar ke nan, kuma ba mai iya gudu da lita biyar a baya. Saboda haka lita ɗaya ko biyu yake ɗauka, saura sai ya dogara ga rafuka da ƙoramun da zai tarar a hanya.

Yanzu ki kawo ƙoramar kan tsauni a ranki. Ruwa ne garai-garai, yana gangarowa a kan duwatsu, sanyi ƙalau, kina hango tsakuwar da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ga mutum ya sha gudu, maƙogwaro ya bushe. Wa zai ga laifinsa in ya durƙusa ya kamfata? Amma wanda ya daɗe a harkar ba ya yin haka. Zai tsaya, ya ɓata mintocin da yake ta ƙoƙarin tattalawa, sai ya gyara ruwan nan kafin ya kai baki. Me ya sa?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To a kan ruwa dai ido bai san komai ba. Mai gudu yana ganin ruwan da ke gabansa ne kawai, ba ya ganin abin da ke can sama. Ƙila akwai garken shanu ko tumaki da ke kiwo a bakin ƙoramar, don a duwatsun Turai ma ana kiwo har can sama. Ƙila wani matafiyi ya zaga bayan dutse ruwan sama ya wanko. Ƙila akwai mushe a kwance a cikin ruwan bayan kwana ɗaya kacal. Ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga kashin mutum da na dabba ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano, sai da madubin likita ake ganinsu. Sanyi kuma ba ya kashe su, adana su ma yake yi.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a shekarar 2000 a tsibirin Borneo, ɓangaren ƙasar Malesiya. An yi wata gasa ta kwana da kwanaki, gudu a daji da hawan duwatsu da tuƙin kwalekwale, mutum 304 suka shiga, dukansu ƙarfafa majiya ƙarfi. Bayan kowa ya koma ƙasarsa sai zazzaɓi ya fara kayar da su. Likitoci suka bi sawu suka samu 189 daga cikinsu, sai ga 80 sun kamu, 29 har sai da aka kwantar da su a asibiti. Cutar irin wadda ke shiga ruwa ce daga fitsarin ɓeraye da sauran dabbobi, kuma binciken ya fi ɗora laifin a kan iyon da suka yi a wani kogi mai suna Segama. Kin ga idan ruwa ya kayar da irin waɗannan ƙarti, ina ga ɗan yaye?

Abubuwan da ke cikin ruwa masu sa ciwo kashi uku ne, kuma yana da kyau ki riƙe su, don kowanne da abin da ke maganinsa. Mu ɗauki misali da kayan girki. Kashi na farko su ne manya, mu ce kamar wake. Likitoci na kiran biyu daga cikinsu Jiyadiya da Kirifto, suna sa gudawa mai naci da kumburin ciki, kuma suna da ɓawo mai tauri da ke kare su. Kashi na biyu matsakaita, mu ce kamar gero, su ne bakteriya, cikinsu akwai masu kawo amai da gudawa, wato kwalara, da taifot. Kashi na uku ƙanana ƙwarai, mu ce kamar gari, su ne bairas, masu kawo wani nau'in ciwon shawara, da shan inna, da gudawar ƙananan yara. Wannan misali ne kawai don a gane, amma duk cikinsu babu wanda ido ke gani.

To mene ne mai gudu yake yi? Abu na farko, yana zaɓen wurin da zai ɗiba. Yana neman ruwa mai gudu, yana guje wa wanda ya kwanta wuri ɗaya. Yana ɗiba daga sama da gari, sama da mashayar dabbobi, sama da inda mutane ke yada zango. In ya ga ruwa ya yi kore da gansakuka a sama, ko yana gangarowa daga gonar da ake feshi, ko daga wurin haƙar ma'adinai, sai ya wuce, domin dafin irin wannan ruwa ko tafasawa ba ta fitar da shi. Ya kuma san cewa bayan ruwan sama mai ƙarfi rafi ya fi ƙazanta, tunda duk abin da ke tudu an wanko shi ciki.

Abu na biyu, yana ɗauke da kayan gyaran ruwa, kuma hanyoyin huɗu ne. Wadda suka fi so ita ce mataci. Wani ɗan abu ne da bai fi tsawon tafin hannu ba, ana ɗaura shi a bakin gorar roba mai laushi, a cika gorar a rafi, a matsa, ruwa ya fito ta ɗaya gefen. Wani kuma kamar tsinken zuƙo lemo yake, sai dai ya fi kauri, a tsoma a zuƙa. Ƙofofin da ke ciki sun fi silin gashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Yana tare waken, yana tare geron, amma garin yana wucewa. Wato yawancin irin wannan mataci ba ya tare bairas. Kuma in ruwan da ya rage a ciki ya daskare saboda sanyin kan dutse, cikinsa na tsagewa ba tare da an gani ba, shi ya sa suke sa shi a aljihu kusa da jiki.

Hanya ta biyu ƙwayar magani ce da ake jefawa a ruwa, mai sinadarin kulorin. Ba ta da nauyi, tana kashe bakteriya da bairas, amma sai an jira minti 30, kuma Kirifto mai taurin ɓawo ba ya jin ta. A 1993 a birnin Milwaukee na Amurka, Kirifto ya shiga ruwan famfon gari, ruwan da ake zuba wa kulorin, mutum sama da dubu 400 suka kamu. Akwai wata ƙwayar dabam da ke iya kashe shi, amma ita sai an jira awa huɗu. Akwai kuma mai aidin, wadda ba a yarda mai ciki ko mai ciwon maƙoƙo ta yi amfani da ita ba.

Hanya ta uku wata 'yar fitila ce mai kamar alƙalami, ana tsoma ta a gora a juya na minti ɗaya da rabi ga lita ɗaya, haskenta ya lalata ƙwayoyin cutar. Ita kuma matsalarta biyu: sai ruwan ya zama garau, don laka na tare hasken, sannan in batir ya ƙare ta zama kara.

Hanya ta huɗu ita ce tafasawa. Ita ce uwa, tana gamawa da wake da gero da gari gaba ɗaya. Ruwa ya tafasa sosai yana ɓararraka na minti ɗaya, shi ke nan. A kan dutsen da ya haura mita 2,000 akan ƙara zuwa minti uku, don a can sama ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. To amma mai gudu ba shi da murhu, ba shi da tukunya, ba shi da lokacin jira ya huce. Shi ya sa in yana shakkar ruwa sai ya haɗa hanya biyu, ya tace sannan ya jefa ƙwaya, abin da ya kuɓuce wa ɗaya ɗayar ta kama.

Kin lura da wani abu, uwargida? Hanyar da ta fi kowacce, wadda ɗan tseren Turai da duk kuɗinsa ba ya samu a kan hanya, ita ce ke gabanki kullum a madafa. To mun fara saukowa daga tsauni ke nan.

Kuma wannan mataci mai kama da tsinke da na faɗa miki, asalinsa daga wajenmu yake. Manya daga cikinku ba su manta da kurkunu ba. Mutum ya sha ruwan tafki ko na kududdufi mai ɗauke da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, sai bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda ƙafa ta fara fitowa, wata har ta kai mita ɗaya, a yi ta naɗe ta a tsinke mako da makonni, manomi na kwance damina na wucewa. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ɗauki yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa a shekara a duniya. A ƙidayar da aka yi a Najeriya a 1988 zuwa 1989 an samu sama da dubu 650. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Babban makamin da aka yaƙe shi da shi shi ne tace ruwa: aka raba wa mata ƙyallen tata su ɗaura a bakin randa, aka raba wa manoma da makiyaya ɗan bututu su rataya a wuya su riƙa zuƙar ruwa da shi a dawa. Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta zaga ƙauyuka a kan wannan aiki. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana kuma a 2015. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya baki ɗaya. Kamfanin da ya ƙera wancan bututu na kurkunu shi ne a 2005 ya inganta shi ya fito da wanda ake kira LifeStraw, wanda masu yawon duwatsu ke saye yanzu. Kin ga hannun mata irinki, masu ɗaura ƙyalle a bakin randa safe da yamma, shi ya kori cutar da ta addabi kakanninmu.

Amma kurkunu ne ya tafi, sauran suna nan. A 2021 kwalara ta ɓarke a Najeriya, aka lissafa sama da mutum dubu 111 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu. Jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su kaɗai suka kwashe fiye da rabin masu ciwon. Wannan ba labarin Borneo ba ne, labarin unguwanninmu ne.

Yanzu dubi inda kika yi kama da mai gudun nan. Shi ba ya ganin abin da ke saman ƙorama. Ke ma ba kya ganin inda aka ɗebo ruwanki. Ɗan garuwa ne ya turo kura ya juye miki, ko yara ne kika aika da bokiti. Kin ce a je famfo, aka tarar da layi, yaro ya zarce rafi ya dawo bai faɗa ba. Ko ruwan na burtsatse ne mai kyau, amma jarkar da aka zubo shi rabonta da wanki an manta. Ba ki da iko a kan rafi, ba ki da iko a kan jarkar wani. Amma daga lokacin da ruwa ya shigo zaure ya iso tsakar gida, ya shigo mulkinki. Duk wanda zai sha a gidan nan, daga maigida har auta, ta hannunki zai sha. Ga matakai huɗu.

Na farko, bar shi ya kwanta. In ruwa ya zo da laka, a ajiye shi a bokiti har dauɗar ta sauka, a tsiyaye na sama a hankali. Alif, wanda wasu ke kira alam, yana hanzarta wannan. 'Ya'yan zogale ma suna yi, matan Sudan sun daɗe da sanin haka: a ɓare busassun 'ya'yan, a daka su yi laushi, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama da ɗan ruwa a juye a bokiti, a juya sosai, a bar shi kamar awa ɗaya. Amma ki ji da kyau, alif da zogale wanke wa ruwa fuska kawai suke yi. Ruwan ya yi haske, cutar ba ta ƙare ba. Mata da yawa a nan suke tsayawa, kuma a nan ake yin kuskure.

Na biyu, ki tace. Samo zanen auduga mai tsafta wanda ya sha wanki, don zarensa ya fi haɗewa, ki ninka shi huɗu ko fiye, ki ɗaura a bakin mazubi. A ƙasar Bangaladash an gwada wannan a ƙauyuka da tsofaffin zannuwan mata, sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi. Dalili kuwa, ƙwayar kwalara na manne wa ƙananan ƙwarin ruwa ne, ƙyalle ya tare ƙwarin ya tare da ita. Rabi ba duka ba ne, saboda haka akwai sauran aiki. In kin gama ki ɗauraye ƙyallen ki shanya a rana, kuma kada a yi wani aiki da shi.

Na uku, ki kashe cutar. Tafasawa ce kan gaba. Na san za ki ce itace ya yi tsada, gawayi ya yi tsada, gas kuwa ba a magana. Gaskiya ne. To ba ruwan wanka da na wanki za ki tafasa ba, na sha kawai, lita biyu zuwa uku ga kowane mutum a yini. Da kin sauke tuwo, wutar nan da ta rage kada ta ci banza, ɗora tukunyar ruwa ki rufe, ki ɗan ƙara kara ɗaya ko biyu. Amma sai ya ɓararraka fa, ɗumi ko tururi kawai bai isa ba. In yara sun ce ya yi salaf, ki juya shi tsakanin mazubi biyu masu tsafta sau 'yan kaɗan, ɗanɗanonsa zai dawo.

In tafasawa ta gagara, akwai maganin kulorin na ruwa ko na ƙwaya, irin su WaterGuard da Aquatabs, maigida ya tambaya a kemis. A bi awon da aka rubuta a jiki daidai, don girman ƙwayoyin ya bambanta, in ba kya karatu ki sa a karanta miki. A jira minti 30. Ɗan warin da kike ji alama ce yana aiki, kuma yana ci gaba da gadin ruwan a cikin jarka. Kada ki kintata da bilicin wanki.

Akwai kuma rana, wadda Allah Ya hore mana kyauta. Ki samu gorar roba fara mai haske irin ta ruwan kwalba, wadda ba ta wuce lita biyu ba kuma ba ta kankare ba, ki cire takardar jikinta, ki cika da ruwan da ya riga ya yi garau, ki kwantar da ita a kan kwanon rufi ko a kan falle ɗaya na kwano a tsakar gida. Awa shida a rana tsantsa. In akwai gajimare ko hazo mai yawa, kwana biyu a jere. Ranar da ake ta ruwa kuwa ba ta yi, sai a koma tukunya. Aikin da 'yar fitilar mai gudu ke yi da batir, shi rana ke yi miki.

Na huɗu, ki tsare shi. Mai gudu ba ya haɗa gorar ɗibar rafi da gorar sha, ko murfinsu ba ya musanyawa. Ke ma haka. Sau nawa ruwa ke shiga randa da tsafta, moɗa ta ɓata shi? Yaro ya taso daga wasan ƙasa, ko daga bayi, ya ɗauki moɗar da ke yashe a ƙasa, ya zurma ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da saura. Duk itacen da kika ƙona ya tashi a banza. Randar sha ta zama dabam, a rufe da faifai ko murfi, a samu ludayi mai dogon hannu a rataye shi, a ɗiba a zuba a kofi, kada a kafa baki. Jarka mai ƙaramin baki ta fi tsaro, tunda hannu ba ya shiga. A riƙa wanke randa a kai a kai, kada a yi ta zuba sabo a kan tsohon guntu. A wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan fitowa daga bayi da bayan wanke wa yaro kashi da kafin taɓa abinci.

Ina kira na musamman ga masu sana'ar cikin gida, masu zoɓo da kunun aya da fura da ƙanƙara. Zoɓon kin dafa, amma da wane ruwa kika sirka? Kunun aya ko wuta ba ya gani. Ƙanƙara kuma na riga na faɗa miki, sanyi ba ya kashe cuta. Abin da kika ɗora wa 'yarki a kai ta fita da shi, 'ya'yan unguwa guda ne za su sha. Amana ce.

Sai kuma masu fita. Maigida zai wuni a gona, yaro zai bi awaki, wani zai yi tafiya mai nisa. Su ne masu gudun tsaunin gidanki, su ne za su tarar da rafi ƙishirwa na cinsu. Ki cika musu gora da ruwan da kika gyara, ki sa musu ƙyalle mai tsafta da 'yan ƙwayoyin kulorin a aljihu in da hali, ki gaya wa yaro ya ɗiba daga sama da mashayar dabbobi, inda ruwa ke gudu. Ki kuma hana shi wanka a tafki da kududdufi, don tsargiya ta fata take shiga, ita ce ke sa fitsarin jini. Amma akwai abin da masu gudu suka yarda da shi, mu ma mu riƙe: idan babu yadda za a yi, ga rana ga ƙishirwa har mutum ya fara jiri, to ya nemi wuri mafi kyau ya sha. Ƙishirwa a zafin rana na iya kisa a yini ɗaya, ciwon ciki kuwa yana ba da lokacin neman magani. In ya dawo ya faɗa miki, ki sa ido, don wani ciwon cikin awanni yake bayyana, wani sai bayan mako ɗaya ko biyu.

In gudawa ta zo, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. Na fakiti ya fi, a zuba shi a adadin ruwan da aka rubuta. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kada a wuce haka. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In kika ga gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko yaro ya kasa sha, to ba a jiran gari ya waye. Ina roƙon masu gida da ke saurare, ku ba iyalinku izini tun yau, cewa in haka ta faru ba kwa nan, a ɗauki yaro a tafi asibiti. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, nono kaɗai ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, kada a ɗura masa ruwa. Ke mai shayarwa ki sha, shi zai samu ta jikinki.

'Yan uwa, lokaci ya yi halinsa. Mutumin da ke tseren neman lambar yabo, minti ɗaya na da tsada a wurinsa, amma yana tsayawa a bakin ƙorama ya gyara ruwansa, don ya san cikinsa ɗaya ne. Ke cikin mutum nawa ke hannunki? Yau da daddare in kin sauke tuwo, ki ɗora tukunyar ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya raya mana zuriya. A gaida yara, a gaida masu gida. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.